Takalman Dogo

Shekara arba'in da 'yan kai Mama Mai Guga ta yi a tsaye bakin tebur ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kai mata kaya ya san abu biyu game da ita. Karin wandon da ta fitar ba ya ɓacewa sai an wanke, bakinta kuma bai san yadda ake ɓoye abin da ido ya gani ba. Kai mata riga ka ga aiki. Za ta ɗaga ta sama, ta leƙa wuya, ta juya hannu, sannan ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "Ɗan nan, wannan wanke ta aka yi, ko ruwan aka nuna mata daga nesa?" Sai ka tafi kana ƙunƙuni, ka rantse ba ka ƙara zuwa, jibi kuma a gan ka a ƙofarta da ƙullin kaya, don duk unguwar babu hannu irin nata.

Tana 'yar shekara goma sha uku ta fara, a hannun gwaggonta da ke wanki da guga a gidajen ma'aikata. A can ta koyi gwada zafin dutsen guga da ɗigon ruwa, ta koyi yadin da ake gogewa ta baya da wanda sai an shimfiɗa masa ƙyalle mai damshi. A can kuma ta ɗauko wata aƙida da ta riƙe har tsufanta, cewa kaya suna da hakki a kan mai su. Riga ta rufa maka asiri a cikin mutane, to kai ma ka rataye ta idan ka dawo gida. Mutumin da zai tuɓe wando ya bar shi a ƙasa ya tsallake, a wurin Mama ba shi da maraba da wanda ke ɗaga wa uwarsa murya.

To irin wannan matar ce Allah ya haɗa da Dogo, ita kuwa har yau tana cewa don a gwada haƙurinta aka yi haka.

Dogo masinja ne a wata makarantar firamare, mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa, ga sanyin hali kamar ruwan randa. Aibinsa ɗaya, abu ba ya kwana a hannunsa. Ya fita da laima da safe, ya dawo a jiƙe jagab. Rediyon da suka saya bayan aure wata huɗu ya yi a gidan, ya koma wurin wani makaho da ke zaune shi kaɗai. Keke ya tafi aro, bai gane hanyar dawowa ba. Akwai ranar da ta dawo daga kasuwa ta tarar da babbar tukunyarta a buɗe, murfin ya tafi gidan wata maƙwabciya mai jego.

"Maigida, ina murfin tukunyata?"

"Ai tana bukata, ƙuda na damun abincinta."

"Namu abincin kuma ƙudan ya yi maka alkawarin ba zai taɓa ba?"

"Ubangiji ya ga mun bayar, ya kuma san ba mu da wani."

"To shi Ubangijin ne ya ce maka murfi? Murfi fa, Maigida!"

Sai ya yi murmushi ya shafa ƙeya, murmushin nan kuwa ya fi komai tunzura ta. Rikicin da ya fi girma shi ne na ranar da ya ga wani bawan Allah da yagaggiyar riga, ya zare wata fara daga kan igiya ya ba shi, alhali rigar ta wani malamin asibiti ce da ya kawo guga. Mama ta yi ta ba da haƙuri har miyaunta ya ƙafe. Daga ranar Dogo bai ƙara taɓa kayan mutane ba, ita kuma ta samu maɓoya. Duk abin da take so ya tsira sai ta cusa shi a ƙarƙashin tulin kayan guga. Da haka agogon bango da bargon 'yarsu suka kai labari.

Abu ɗaya ne ya gagare shi bayarwa. Dogo yana da ƙafa irin wadda idan ya shiga layin masu takalma tun daga nesa suke fara ba shi haƙuri. Duk rayuwarsa silifas yake sawa, rabin dunduniya a waje. Da aka zaɓe shi cikin masu nuna wa mutane wurin zama a coci, Mama ta ce ba za ta zauna tana kallon mijinta yana fat-fat a gaban jama'a ba. Ta ja shi wurin mai ɗinkin takalma. Mutumin ya ɗora ƙafar a kan kwali zai zana, kwalin bai isa ba, sai da ya haɗa biyu. Bayan sati uku takalman suka fito, baƙaƙe, sau-ciki, masu igiya, an kafa musu ƙarfe a dunduniya don kada su cinye da wuri. Nan take ta kafa masa doka. Ba a tura ƙafa da ƙarfi. A kwance igiya, a sa cokali a zura dunduniya a hankali, don da zarar bayan takalmi ya karye, takalmi ya mutu. Ta ware cokali guda musamman don wannan aikin, kuma shekara goma sha tara Dogo bai taɓa sa su ba sai da cokalin nan.

Kada ka ɗauka bai gwada kyautar da su ba. Sau uku ya gwada, sau uku suna dawowa, don duk wanda ya zura ƙafa sai ta yi iyo a ciki. A karo na uku Mama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Wannan kam ya fi ƙarfinka," in ji ta. Kowace Lahadi tana zaune a layi na huɗu, ba sai ta waiga ba, za ta ji shi yana tahowa a kan siminti, ƙwas, ƙwas, zai kai wata tsohuwa wurin zama.

Ciwon kwana tara ya ɗauke shi. Da 'yan'uwansa suka zo rabon kaya, riga biyu suka tarar, da wando biyu, da littafin waƙoƙinsa na sujada wanda bangonsa ya fita, da takalman. Sai suka hau kallon Mama a kaikaice, wai ina sauran. Ina sauran! Ta ce su bi unguwar gida-gida su tambaya, don rabon gadon Dogo tun yana da rai aka gama shi. Suka kwashi riguna da wanduna da littafin. Takalman babu wanda suka yi wa, suka bar mata. Tun daga nan, kowace Asabar da yamma idan ta kashe dutse, sai ta jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ta goge su da buroshi, ta shafa mai, ta canza takardar da ta cusa a ciki don kada su lotsa, ta mayar da cokalin gefensu. Shekara shida ba fashi. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan.

Bayan rasuwar ne Fasto ya roƙe ta ta riƙe ɗakin taimako, wani ɗan ɗaki a bayan coci inda ake tara kayan da mutane ke kawowa don mabukata. Ya ce aikin zai ɗebe mata kewa. Ya ɗebe kam, ya kuma ƙara mata hawan jini. Sai ka buɗe buhunan nan za ka san abin da wasu ke kira bayarwa. Mutum zai yi sharar gidansa, abin da yake jin kunyar mai kwasar bola ya gani sai ya ɗura a buhu, ya ɗaure baki tam, ya kawo wa Yesu. Takalmi ƙafa ɗaya. Rigar da fenti ya bushe a kanta. Fanka babu fukafuki. Kalandar bara. Wandon ciki, jama'a, wandon cikin da roba ta saki! Kuma mai buhun zai ajiye ya tsaya yana jira a ce masa Allah ya sa albarka. Matar da ta yi zaman aure da mutumin da ke tuɓe abin da ke jikinsa ya bayar, ita aka sa tsintar wannan. Takan ce da Dogo ya gani da ya yi kuka. Ita ba mai kuka ba ce, faɗa take yi.

Ana nan wata Talata da rana tsaka wayar lantarki ta ta da gobara a wani gidan haya. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani ɗan cocin da kowa ke kira Maigadi, don gadi yake yi a ƙofar wani babban kanti. Mutum ne mara magana, can baya yake zama da matarsa da 'ya'ya uku da tsohuwar uwarsa. Ranar yana hutu. Shi ya shiga ya goyo tsohuwar ya fito da ita, amma ban da abin da ke jikinsu ko tsinke ba su fitar ba.

Lahadi Fasto ya yi kira, Lahadi ta gaba kaya suka taru. Buhu goma sha ɗaya, bakwai daga ciki na matar Ciyaman ne, wato matar shugaban dattawan coci. Aka jera su a gaban bagade, aka kira Maigadi ya fito ya tsaya. Matar Ciyaman ta dafa buhu ɗaya da hannunta mai zobba, direbanta ya ɗauki hoto. Ta duba ta ce bai yi ba, a sake. Haske ya yi yawa, a sake. Maigadi ya ɗan matso, ya yi murmushi mana. Sun kai minti ashirin a tsaye. Mama ta ga yana ta sauya ƙafa yana zufa, ta ɗauka kunya ce. Ta kuma ga ya sa safa a cikin silifas ɗin aro, ta yi tsaki ta ce a ranta wannan kuma wane irin ado ne.

Litinin da safe ta kwance buhunan. Labule mai ramukan ɓera. Takalman mata masu tsini, ƙafa tara. Rimot huɗu babu talabijin. Kayan jarirai, alhali autan Maigadi ya shiga makaranta. Cikin buhu goma sha ɗaya, abin da mutum zai iya sawa ya shiga mutane bai cika buhu guda ba. Tana cikin wannan matar Ciyaman ta leƙo, ta toshe hanci da hankici.

"Mama, sannu da aiki. Kin ga yadda Ubangiji ya yi amfani da mu ko?"

Mama ta ɗaga wani siket da ɓera ya yi wa taga. "Madam, zo ki sa wannan mu gani."

"Haba Mama, ni kuma?"

"Ke fa. Matar Maigadi jikinta ba irin naki ba ne? Ko wutar har da kunyarta ta cinye?"

"Mutanen da ba su da ko tsinke, ai duk abin da suka samu sai godiya."

"Godiya a kan bola? Kin share gidanki, kin ɗauki hoto da sharar, yanzu kuma godiya kike jira. Turo direbanki ya kwashe. In ba haka ba ranar Lahadi ni zan baje su a gaban bagade ɗaya bayan ɗaya, in faɗi mai kowanne."

Kafin yamma direban ya zo. Mama ta wanke abin da ya rage, ta ɗinka maɓallai, ta goge, ta ninke kamar na shago, tana yi tana sababi ita kaɗai. Maganar gaskiya ta ji daɗin kanta ranar, ta ji duk cocin babu na biyunta.

Washegari matar Maigadi ta zo karɓa. Ta yi godiya har ƙasa, sannan ta tsaya tana murza yatsu, ta ce akwai sauran magana. A wurin aiki sun ba mijinta wata riga da wando, amma takalmi kowa ke nemo nasa. Manaja ya gaji da ganin silifas, ya ce ko baƙin sau-ciki zuwa Litinin, ko a ba wani gadin. Sun zaga kasuwa ba su samu daidai shi ba. Ta ciro wani zare da aka ƙulle baki biyu ta miƙa. "Ga awon ƙafarsa, Mama, ko Allah zai sa a dace."

Mama ta miƙe zaren a kan tebur. Ba sai ta gwada shi da komai ba. Hannun da ya shekara ashirin da biyar yana goge takalmi ɗaya ya san tsawonsa.

"Babu irin wannan a ɗakin nan," in ji ta. Ba ƙarya ta yi ba, a ɗakin kam babu.

Kwana biyu ta yi tana faɗa, wannan karon da mamaci. Tana guga tana magana. "Ka ji daɗi ko? Ka samu mai ƙafa. Kana raye ka kwashe min gida, yanzu daga kabari ma ba za ka bar ni in huta ba. Laima, rediyo, murfi, duk ban ce komai ba." Ta ce kam, unguwa shaida ce. "Wannan ɗaya da Allah ya bar min shi ne ya tsone maka ido?" Ranar Alhamis, karo na farko tun tana yarinya, ta ƙona wuyan rigar mutum. Ta tsaya tana kallon tabon dutsen, sai maganganun da ta yaɓa wa matar Ciyaman suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ita ma ai abin da ya yi mata yawa take bayarwa, lokacinta da bakinta da ba ya gajiya. Abin da take so yana nan ƙarƙashin gado. Haushi ya turnuƙe ta, don babu abin da ya kai ciwo irin ka kama kanka da laifin da ka gama wanke wani a kansa.

Juma'a ta goge su gogewar ƙarshe, ta ɗauki kwalin ta kai ɗakin da aka ba su Maigadi aro. Shi yana wurin aiki, matar ta samu. Ta zauna ta karanta mata doka kamar mai ba da amanar jariri. A kwance igiya, ga cokali, ga buroshi, ga mai, a cusa takarda idan an cire, kada a bar su a rana, kada a taka ruwa. Matar tana hawaye tana cewa to Mama, to Mama. Asabar da yamma Mama ta kashe dutse, har ta durƙusa ta miƙa hannu ƙarƙashin gado sannan ta tuna.

Lahadi ta zauna a layinta na huɗu. Tsoro take ji kada ta ji takun nan ta ba da kanta a gaban mutane, kuma so take ta ji. Abin da ta ji daban ne. Wani ja ne a kan siminti, shaa, shaa, kamar ana jan buhu. Ta waiga. Maigadi ne ke shigowa, wandonsa ya sauko har ƙasa, amma da ya ɗaga ƙafa zai shiga layinsu idon mai guga ya gani. Ya take bayan takalman. Ya kwantar da fatar ya hau kai, ya mayar da takalman Dogo silifas.

Ko kalma ɗaya ba ta ji ba a wa'azin ranar, ga shi kuwa a kan bayarwa aka yi shi, har Fasto ya ƙara gode wa matar Ciyaman. Shekara goma sha tara da cokali! Shekara shida da mai da buroshi! Kwana biyu kacal a hannun ƙaton nan ya karya musu baya. Ragwanci ne ba wani abu ba, mutum ya kasa sunkuyawa ya kwance igiya. Ta koma gida tana huci, ta tarar da 'yarta, wadda nas ce a wani asibiti, ta zo gaishe ta. A kanta ta sauke.

"Mama, kin fa ba shi. Nasa ne yanzu."

"Na ba shi ya sa, ban ba shi ya kashe ba."

"Da Baba ne, ko a jikinsa."

"Ubanki ai shi ya sa bai bar komai ba! Ni zuwa zan yi in karɓo kayana. Ya nemi aikin da ake yi da silifas."

"Za su kore shi fa."

"Su kore shi."

Ta faɗa, kuma har cikin zuciyarta. Litinin da Talata aiki ya riƙe ta, haushin bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi. Laraba da rana ta saƙala jakar da babu komai a ciki a hammata, ta kama hanyar kantin.

Ta same shi a tsaye cikin rana yana buɗe wa motoci ƙofa. Da ya hango ta ya cire hula ya rusuna.

"Mama, sannu da zuwa. Ina ta so in zo godiya..."

"Riƙe godiyarka. Cire min takalmana."

Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi tagar ofishin manaja da ke sama. "Mama, don Allah..."

"Don Allah me? Mai takalman nan shekara goma sha tara ya yi yana sa su, ko tanƙwara ba su yi ba. Na ba matarka cokali. Cokalin ma nauyi ya yi maka? Mutum ba shi da ko silifas na kansa, a ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa a ba shi, ya take! Cire na ce!"

Mutane suka fara tsayawa. Ya yi ƙasa da murya ya roƙe ta su shiga ɗakin gadi, wani ɗan akurki mai benci ɗaya da tebur. Ya zauna, ya zare ƙafar dama yana cije leɓe. Safar ta manne. Da ya janye ta ƙasa, warin ne ya fara isowa gare ta. Daga dunduniya zuwa sama, kamar tsawon tafin hannu, babu fata, jan nama ne yana ruwa, gefensa ya yi fari. Ta hagu ma haka, sai dai da ɗan sauƙi.

"Mene ne wannan?"

"Ranar wutar ne, Mama. Robar silin ce ta narke tana ɗiga, ina goye da Inna. Ban ma ji ba sai da muka fito."

"Asibiti fa?"

"In suka naɗe min ƙafa manaja zai gani. Ya ce ba ya son mai ɗingishi a ƙofarsa. Ɗan mai nake shafawa." Ya sa hannu a aljihun riga ya ciro cokalin. "Na gwada yadda kika ce, Allah ya sani na gwada. Ranar farko na sa su daidai, kafin rana ta yi tsaka jini ya cika safar. Na san na ɓata takalman Baba. Shi ya sa na kasa zuwa godiya."

"A coci wa ya san da wannan?"

"Ba wanda ya tambaya, Mama."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Minti ashirin aka tsayar da mutumin nan a kan waɗannan ƙafafun ana gyara hasken hoto. Fasto ya dafa kafaɗarsa, dattawa sun yi masa addu'a, coci guda aka taru ana kallon buhu. Ita kuma, mai gane wankin da bai fita ba tun daga bakin ƙofa, ta ga safa a cikin silifas ta yi tsaki. Ta hango karyewar fatar takalmi daga layi na huɗu, ta mutum ba ta hango ba. Yau ga ta da jaka ta zo raba shi da abincin 'ya'yansa.

Ta ɗauki takalmin ta juya. Fatar da aka kwantar ta yi tudu mai kauri, kuma daidai nan ƙasan ciwon yake gogawa duk taku.

"Ina abin da kuke yanka kwali da shi?"

Ya ciro wuƙar daga aljihun tebur ya miƙa mata, bai gane ba. Ta ɗora takalmin a kan gwiwa, ta miƙar da bayan ya tsaya yadda yake a da, ta shafa shi sau ɗaya da babban yatsa. Sannan ta kafa wuƙar.

"Mama! Takalman Baba ne fa!"

"Wane Baba? Naka ne. Riƙe min nan."

Mai ɗinkin nan ya yi aikin kirki, zaren ya ƙi yankuwa sai da ta yi zufa. Ta zagaye bayan gaba ɗaya ta cire, ta kankare bakin don kada ya yi kaifi, ta ɗauki na biyun. Tana yanka, bakinta bai tsaya ba. Ta wanke manajan da ba ya son mai ɗingishi, ta wanke mai gidan hayar da ruɓaɓɓiyar wayarsa, ta bi ta kan buhu goma sha ɗaya, ta haɗa da Dogo da ya ja mata. Ta ce da an tashi aiki ya wuce gidanta kai tsaye, 'yarta za ta wanke ciwon ta naɗe yadda wando zai rufe, ita kuma za ta kwance kalmasar wandon ya ƙara sauka. In ya ƙi zuwa, da kanta za ta zo ta ja shi da kunne a gaban manajan.

Ya tsince fatun biyu daga ƙasa, ya haɗa da cokalin, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta dube su. Jakar tana nan a hammatarta.

"Waɗannan zuba su a shara," in ji ta. "Cokalin kuma kai wa matarka. Cokali ne, a ci abinci da shi."

Mota ta yi hon a waje. Ya zura ƙafa a hankali, ya ƙara ɗaure igiya, ya miƙe. Mama ta riga shi fita ta kama hanya. Ba ta yi taku goma ba ta ji shi a bayanta zai buɗe ƙofa, yana ɗaga ƙafa tunda babu abin da ke cizonsa, ƙarfen yana dukan siminti, ƙwas, ƙwas. Ta tsaya cak, ta dafa bango. Matar da ko a jana'izar mijinta ba a ga hawayenta ba, a nan bakin kantin mutane kuka ya ƙwace mata.

"Mama, lafiya?" ya kira daga bakin ƙofa.

Ba ta waiga ba. Ta ɗaga hannu ta yi masa alamar ya ci gaba.

"Yi tafiyarka," in ji ta. "Ina ji."